Farin Ruwa, Baƙin Ruwa da Lissafin Kamun Kifi a Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, rayuwar masuntan Yauri, Ngaski da Shanga ta rataya ga hawa da saukar tafkin. Sau biyu ruwa ke zuwa a shekara: farin ruwa mai laka na daminar kusa, da baƙin ruwa wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da rani.

A ce mai bincike yana son sanin ko ƙarin taru na kawo ƙarin kifi. Zai yi amfani da lissafin dangantaka, wato rigireshan. To, amma mai yiwuwa ne amfanin taru ya bambanta tsakanin ruwan biyu. A nan lokacin ruwa ya zama mai sauya tasiri, kamar yadda Baron da Kenny suka fayyace a 1986. Ana gwada shi ne ta hanyar ninka adadin taru da alamar lokaci, a shigar da sakamakon cikin lissafin.

Sai dai kafin a amince da amsar, wajibi ne a duba sharuɗɗa uku.

Na farko, miƙewar dangantaka. Kifi na ƙaruwa da ƙarin taru, amma a hankali ribar kowane sabon taru takan ragu. Idan aka fi zuba taru a lokaci guda, aka kuma tilasta miƙaƙƙen layi a kan wannan lanƙwasa, lissafi zai ɗora wa lokaci bambancin da ba nasa ba.

Na biyu, daidaiton warwatsuwar kuskure, wato tazarar da ke tsakanin hasashe da ainihin kamu. Idan tazarar ta yi faɗi a wani lokaci ta ƙuntata a wani, gwajin kan ɓata. Zana ta a takarda kan tona wannan.

Na uku, cin gashin kan alƙaluma. Jirage ashirin daga mashigi ɗaya a Yelwa ruwa ɗaya suka shiga, iska ɗaya ta kaɗa su. Ƙidaya su a matsayin shaidu ashirin mabambanta ruɗin kai ne.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Bisa irin waɗannan alƙaluma hukuma kan yanke shawarar hana wani taru ko rufe su na wasu watanni. Idan lissafin ya karkace, masunci zai jingine jirginsa a banza, ko kuwa a bar tafkin a buɗe a lokacin da kifi ke bukatar hutu.