Firjin Rigakafi: Me Ya Sa Ake Duba Ma'aunin Zafinsa Safe Da Yamma?

Idan kika kai yaronki rigakafi a asibitin Kunduru, ko wani ƙaramin asibiti a ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, allurar da za a yi masa ta yi doguwar tafiya kafin ta iso. Ta fito daga babban ɗakin sanyi na ƙasa zuwa na jiha a Katsina, daga nan zuwa ma'ajiyar ƙaramar hukuma, sannan ta shigo firjin asibitinku. A duk wannan tafiya, abin da ke ba da shaidar cewa maganin bai lalace ba shi ne ma'aunin zafi. Shi ya sa muke son iyaye da ma'aikatan lafiya su fahimci aikinsa.

Sanyin da ake buƙata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa a ajiye rigakafi a ƙananan asibitoci tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyos. Zafi yana rage ƙarfin kowane rigakafi, kuma ɗigon shan inna ya fi saurin lalacewa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin yankinmu kan haura digiri 40, wannan haɗarin a fili yake.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi shi ne sanyi ya yi yawa. Allurar Penta, wadda ke kare yaro daga mashaƙo da wasu cututtuka huɗu, da ta ciwon hanta, da ta ciwon huhu, da ta sankarar bakin mahaifa, duk suna lalacewa idan suka daskare. Ƙanƙarar za ta narke, kwalbar ta koma kamar lafiya ƙalau, amma ƙarfin maganin ba ya dawowa. Yaron da aka yi wa irin wannan allura zai sha zafin tsira, a cike masa kati, amma bai samu cikakkiyar kariya ba. Duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da Katsina a 2023 ya san abin da hakan ke nufi.

Yadda na'urar take aiki

A cikin firjin akwai ɗan ƙaramin ƙarfe a bakin waya wanda ke jin zafi. Shi ke gaya wa injin firjin ya tashi ko ya tsaya. Idan ƙanƙara ta lulluɓe shi, zai riƙa jin sanyin da ya fi na inda magani yake, sai injin ya tsaya da wuri, maganin ya ɗumama. Idan kuma ya goce daga mazauninsa zuwa inda iska mai ɗumi ke shiga, injin zai yi ta aiki har maganin ya daskare. A duka biyun, lambar da ke jikin firjin tana iya nuna cewa komai daidai ne.

Saboda haka ake saka wata na'ura daban a tsakiyar magungunan, irin su Fridge-tag, mai adana bayanin kwana 30. Tana nuna alamar gargaɗi idan zafi ya wuce digiri 8 na tsawon awa 10 a jere, ko idan sanyi ya sauka rabin digiri ƙasa da sifili na tsawon awa guda. Ita ce ke faɗin abin da ya faru cikin dare, lokacin da ba kowa.

A manyan ɗakunan sanyi akwai kuma na'urar da ke lura da matsin iskar gas a cikin injin. Idan ƙura ta toshe ragar da ke fitar da zafi, matsin yana hawa, sai na'urar ta kashe injin don kada ya ƙone. Idan gas yana yoyo, matsin yana sauka. Mai gyaran da ya tsallake wannan na'ura da waya don injin ya ci gaba da aiki, ya rufe alamar ciwo ne kawai, ciwon yana nan.

Aikin ma'aikacin lafiya

Ka duba ma'auni safe da yamma, har ranakun hutu, ka rubuta abin da ka gani, ba abin da ya kamata ka gani ba. Ka gwada lambar jikin firji da ta na'urar ciki. Idan suna saɓawa kullum, ka sanar da jami'in kula da sanyin rigakafi na ƙaramar hukuma. Kada ka murɗa madaidaicin sanyi don an kawo sabon kaya ko an ɗauke wuta. Idan ƙanƙara ta kai kaurin rabin santimita, a kwashe magani zuwa akwatin sanyi a narkar da ita. Lokacin hunturu a yawaita goge farantan sola da ragar injin. Kada a saka ruwan sha ko abinci a ciki. Idan ka yi zargin daskarewa, ka ware kwalaben, a yi gwajin girgizawa kafin a taɓa kowane yaro da su.

Abin da iyaye za su iya dubawa

A jikin yawancin kwalabe akwai ɗan zagaye mai murabba'i a tsakiya. Idan murabba'in ya fi zagayen haske, zafi bai ɓata maganin ba. Idan launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, ba a amfani da shi. Sai dai wannan alama ba ta nuna daskarewa.

Kina da damar tambaya cikin ladabi a nuna miki kwalbar. Idan kuma ma'aikaci ya ce firji ya samu matsala, ki dawo wata rana, kada ranki ya ɓaci, gaskiya ya faɗa miki. Ki tambayi ranar, ki riƙe katin yaro, ki tabbata kin dawo.