Kwana nawa sauro ke yi cikin ruwa kafin ya tashi?

Ƴan uwa manoma, sauron da ke hana mu barci a damina cikin ruwa yake girma, kuma yana da ƙidayar kwanakinsa. Wanda ya san ƙidayar nan yana iya riga shi.

Macen sauro mai kawo zazzaɓi tana zuba ƙwai bisa ruwan da ke kwance yana shan rana: ramin da aka gina tubali, sawun shanu a bakin tabki, kududdufin bayan gida. Bayan kwana 2 ko 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsa ta fito. Ku duƙa ku duba da kyau. Tsutsar sauron zazzaɓi kwance take yi a miƙe daf da saman ruwa. Wadda ke rataye kai ƙasa, ta sauron kwata ce.

Tsutsar tana ci tana saɓa har sau 4. Daga nan sai ta dunƙule, ta bar cin abinci kamar kwana 2. In lokaci ya yi, galibi da faɗuwar rana ko farkon dare, fatar bayanta ta tsage, sauro ya zaro jikinsa ya tsaya bisa ruwa har fukafukansa su bushe. Maza ne ke soma fitowa, su kuwa ba su cizo, ruwan furanni suke sha. Mace ce ke bukatar jini domin ƙwanta.

Zafi shi ne ke kora aikin. Da zafin damina, daga ƙwai zuwa tashi kwana 7 zuwa 10 sun isa. Da ɗari abin yana jinkiri, ya kai sati 2 ko fiye, amma ba ya tsayawa inda ruwa bai ƙafe ba, kamar gonakin noman rani na Jiratawa da Ƙonni, ko fadamun shinkafa na bakin kogi a Yamai.

Sabon sauro ba ya da cuta. Sai ya ciji mai zazzaɓi, ƙwayar cutar ta yi kwana 10 ko fiye a cikinsa, sannan ya iya sa wa wani. Wanda aka ciza ma sai bayan sati 1 ko 2 jikinsa ke zafi. Ku haɗa lissafi: tsakanin ruwan sama da kwanciyar yaro akwai wajen wata guda. Shi ya sa likita ke cika daga Agusta zuwa Oktoba, har wasu na ɗora wa sabon hatsi laifi. Hatsi ba ruwansa.

To, kada ruwa ya cika sati a kwance kusa da gida. Ku zaɓi rana guda, ko ranar kasuwarku, ku cike ramu da ƙasa, ku kife tsoffin tukwane da tayoyi, ku wanke randa ku rufe. Tabki babba kamar na Madarunfa ba mai iya cike shi. Makwabtansa sai su shigar da yara da mata masu ciki cikin sange tun da magariba.