Farin Ruwa da Baƙin Ruwa

Da zarar ambaliya ta cinye shinkafa a fadamar Kalgo, sai ka ji ana faɗa har a kasuwar Dodoru: "Ai Kamaru ce ta saki ruwa." Haba jama'a! Madatsar Lagdo ta Kamaru a kan kogin Binuwai take, Binuwai kuwa sai can Lakwaja yake haɗuwa da Kwara. Yaushe ruwa ya koyi hawan tudu? Namu ruwan na gulbin Rima ne, ta Goronyo da Argungu da Birnin Kebbi yake biyowa. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san wannan.

In ana neman ruwan da ya ɗaure mu da maƙwabta, to Kwara ne, kuma abin da ke burge ni da shi shi ne sau biyu yake cika a shekara. Na farko farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wajen watan Satumba. Na biyu baƙin ruwa. Wannan a tsaunukan Gini ya sauka, ya shiga fadamun Mali wajen Mopti, ya bazu, ya yi watanni yana jan ƙafa har lakarsa ta kwanta. Sai hunturu ya kama, manomi ya gama sussuka, leɓe na tsagewa, sannan masunci a Yawuri ya ga kogi na tasowa ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Ruwan bara ke nan daga wata ƙasa ya iso a makare!

Da wannan baƙin ruwa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ke samun ƙarfin juya injinanta da rani. Shi ya sa tun shekarun 1970 Najeriya ke sayar wa Nijar lantarki ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, bisa fahimtar cewa Nijar ba za ta tare kogin ba. Akwai kuma Hukumar Raya Kogin Neja (wato Kwara) ta ƙasashe tara, da kundin rabon ruwa na 2008.

Amma zamani riga ne. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta yanke wutar, ba a maido ba sai 2024. Wanda aka bari cikin duhu watanni, wa zai hana shi neman fitilarsa? Dama Nijar ta daɗe tana gina madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, mai ƙarfin megawat 130, daidai kan hanyar baƙin ruwan.

Saboda haka dole a koma kan tabarma. Ruwa nawa za a sako da rani, kwana nawa za a ba na ƙasa kafin a buɗe ƙofofi da damina, nawa za a sayi wuta: duk a rubuta, a sa hannu. Wanda ke zaune a ƙasan kogi ba ya faɗa da na sama.