Ba Kowane Zazzaɓi Ba Ne Maleriya: Kaska da Cututtukanta

Bayan hutun da ya wuce, wani abokin kwanana a hostel ya dawo daga ƙauyensu da ke bayan Birnin Gwari jiki ba daɗi. Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Kamar yadda muka saba, sai kemis. Ya sha maganin maleriya, ya sake wani, shiru. Sai da ya je kilinik, likita ta sa ya naɗe wando, ta ga wani baƙin ɓawo a cinyarsa, ga kaluluwa ta kumbura. Tambayarta ɗaya: "Ka shiga cikin shanu ko ciyawa?" Ashe ya yi sati biyu yana taya babansa kiwo. Kaska ce ta cije shi, shi kuwa ya ɗauka ƙurji ne.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kaska a jikin saniya ko kare. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke kama mutum. Yankin Birnin Gwari kuwa wurinta ne: ga dajin Kamuku da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ga dogayen ciyayi da damina, ga garkunan shanu. A ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanun garin bayan shekarun da rashin tsaro ya rufe ta, mutane sun fara komawa gonakin da suka zama jeji. Abin farin ciki ne, amma hulɗa da kaska ma ta ƙaru.

In ka bincika intanet kan cizon kaska, abin da zai fara fito maka shi ne cutar Laim. Ta samo sunan ne daga garin Lyme a jihar Kanetikat ta Amurka, inda aka lura da ita a 1975 bayan yara da yawa sun kamu da kumburin gaɓoɓi. A farkon shekarun 1980 masani Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar, shi ya sa ake kiranta Borrelia burgdorferi. Alamarta ta farko jan zobe ne a fata mai ta faɗaɗa. Sai dai irin kaskar da ke yaɗa ta ta fi zama a Amurka da Turai da sassan Asiya masu sanyi. Don haka kar ka karanta labarinta ka ɗora wa kanka. Namu na gida su ne abin lura, kuma guda uku ne.

Na farko, zazzaɓin cizon kaska na Afirka, wanda ya kama abokina. Kaskar nan mai zane-zane a baya da ke manne wa shanu da damina ita ke kawo shi. Yakan bayyana cikin sati ɗaya zuwa kwana goma bayan cizo: zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa, da baƙin ɓawo a wurin cizon, wani lokaci fiye da ɗaya.

Na biyu, zazzaɓi mai tafiya ya dawo, ɗan'uwan cutar Laim ne na jini, don ƙwayarsa ma Borrelia ce. An yi bincike sosai a kansa a ƙauyukan Senegal da Mali. Kaskarsa mai laushin jiki ce, tana zama a ramin ɓera, ta fito da dare ta sha jini cikin 'yan mintoci ta koma, ba ka ma san an yi ba. Zazzaɓi ya yi kamar kwana uku ya sauka, ka ce ka warke, bayan sati ya dawo. Yana da haɗari ga mai juna biyu, don yana iya jawo ɓari.

Na uku shi ne mafi muni, zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini. Ana ɗaukarsa ta cizon kaska ko taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da shi, shi ya sa mahauta da makiyaya suka fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kama. Zazzaɓi da haɓo, ko jini a dasashi, ko baƙin bayan gida, wannan ba na jira ba ne, asibiti kai tsaye.

To, magani fa? Biyun farko ƙwayoyin bakteriya ne, suna jin magani. Likitoci sukan ba da doksisaikilin, kamar yadda ake yi wa cutar Laim. Amma don Allah kar ka saya wa kanka. Mai ciki da ƙananan yara likita ne zai zaɓa musu abin da ya dace, sannan a zazzaɓi mai dawowa jiki kan rikice da rawar sanyi 'yan awoyi bayan shan ƙwayar farko, gara hakan ta faru a gaban ma'aikacin lafiya. Gwajin maleriya na gaggawa ba ya nuna waɗannan cututtuka. In ya nuna babu maleriya kuma zazzaɓi na nan, faɗa wa likita ka je daji ko ka taɓa dabbobi, ka nuna masa wurin cizon. Daga asibitin gari ana iya tura mutum asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya.

In ka ga kaska a jikinka, kar ka zuba mata kananzir ko ka ƙona ta da ashana. Kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja a hankali ba murɗawa, ka wanke wurin da sabulu, ka rubuta ranar. Kar ka fasa ta da farce. In za ka shiga ciyawa, cusa ƙafar wando cikin safa, in ka dawo ka duba hammata da matsematsi da bayan kunne.

Saura namu aikin. Mara lafiyar da zazzaɓinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yakan gaji, kuɗi su ƙare, a fara cewa sammu ne ko iska. A nan ake buƙatar 'yan'uwa: wanda zai raka shi asibiti, wanda zai kwafa masa lakca, ƙungiyar ɗaliban garinsu ta haɗa masa kuɗin gwaji. 'Yan sashen kimiyyar gwaje-gwaje da na noma, ku da za ku fita aikin koyon sana'a, ku kai wannan bayani wurin ardo da sarkin fawa da limamin unguwa, maganarsu ta fi tamu shiga kunne.

Abokina dai ya warke cikin sati guda, ya zana jarabawarsa lafiya. Kafin ka shiga motar gida wannan hutun, saka hantsaki a jakarka.