Ƴaƴan kifi baƙi ne: yadda ake saukar da su cikin sabon ruwa

Jama'ar Malbaza, Birnin Ƙonni da Illela, kiwon kifi yana ƙaruwa a ƙasarmu. Wasu garuruwa suna haɗa kuɗi su zuba iri cikin tabkinsu. Wasu masu garka suna gina rami kusa da rijiya. Wasu kuma suna yin kwandon siminti a cikin gida. Dukansu abu guda suke nema: abinci ga iyali da ɗan kuɗin kashewa lokacin rani.

Amma akwai wata matsala. Mutum ya sayo ƴaƴan kifi da kuɗinshi, ya juye su cikin ruwa, ya koma gida da murna. Kwana biyu ko uku sai ya tarar da rabinsu sun taso, ciki sama. Sauran sun ɓoye, sun ƙi cin abinci. Sai ya ce an cuce shi, ko an yi mashi sammu. Sau da yawa iri lafiyarshi lau, hanyar ɗauko shi da hanyar zuba shi ne suka kashe shi. Bari mu duba wannan magana daki-daki.

Zuba iri tsohon aiki ne a jihar Tawa

Tabkin Ɗan Dutsi ƙaramin tabki ne a da, mai ƙafewa da rani. A shekara ta 1974 ruwa ya cika shi, ya zama babba. Daga baya aka kawo irin kifi daga wasu wurare aka zuba, masunta suka samu sana'a. Tabkin Tabalak shi ma ya yi suna wajen kifi. A 2005 an sa waɗannan tabkuna biyu cikin jerin manyan wuraren ruwa da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye. A nan kusa da mu akwai barajin Mozage da na Zango bisa gulbin Majiya, waɗanda ke ba gonakin noman rani na Ƙonni ruwa.

Kifayen da aka fi kiwo su ne karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, da kuma tarwaɗa.

Mi ya sa sabon kifi ke tsoro?

Kifi ba ya da zafin jiki nashi na kanshi kamar mutum ko akuya. In ruwa ya yi zafi, jikinshi ya yi zafi. In ruwa ya yi sanyi, jikinshi ya yi sanyi. Shi ya sa in aka fidda shi daga ruwa mai ɗumi aka jefa shi cikin mai sanyi gaba ɗaya, yakan suma, wani lokaci ya mutu.

Kifi kuma yana numfashi. Cikin ruwa akwai iska wadda ido ba ya gani, ana kiranta oksijan. Ita kifi ke shaƙa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. In an cunkusa kifi cikin bido guda, rana na duka, iskar takan ƙare da sauri.

Bayan haka, jikin kifi yana da yauƙi. Wannan yauƙi shi ne rigarshi, shi ke kare shi daga cuta. Busasshen hannu da kwando mai kaushi suna goge shi. Inda yauƙi ya goge, nan cuta ke shiga.

To ku duba: an kama shi, an girgiza shi bisa moto, an sake mashi ruwa, ya iske wurin da bai sani ba. Dole ya nemi maɓoya. Hausawa sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Duk inuwar da ta gitta bisa ruwa, shi a ganinshi tsuntsu ne ya zo cin shi.

Wani ɗan'uwan karfasa a ƙasar Birazil

A kogin Amazon na ƙasar Birazil akwai wani kifi mai suna diskus. Jikinshi a zagaye yake kamar faifai, faɗinshi kamar tafin hannun babban mutum, launinshi mai kyau. Danginsu ɗaya da karfasa. Mutanen Turai, Asiya da Amurka suna sayen shi da tsada, su aje shi cikin akwatin gilashi a ɗaki don kallo.

Diskus ya yi suna wajen kunya. In aka kai shi sabon gida, launinshi yakan yi duhu, ya laɓe a lungu, ya ƙi abinci kwanaki. Masu kiwon shi sun san maganin haka. Suna riƙe ruwa da ɗumi, digiri 28 zuwa 30. Suna rage haske a kwanakin farko. Suna sa mashi itace da ganye don ya samu wurin ɓoyo. Suna aje su biyar ko shida tare, don shi kaɗai ya fi tsoro. Ba su buga gilashi, ba su wucewa da gudu a gabanshi.

Abin da ke kwantar da hankalin diskus, shi ke kwantar da na karfasa: ruwa mai kyau, inuwa, maɓoya, ƴan'uwa, da rashin damu.

Shirya masauki kafin baƙo ya iso

In ramin ƙasa ne, a cika shi da ruwa sati ɗaya ko biyu kafin a kawo iri. A sa takin shanu ko na kaji cikin buhu, a ɗaure, a jiƙa shi a gefe guda. Ruwan zai zama kore-kore. Wannan koren ƙananan tsirrai ne, abincin karfasa ne. Ga yadda ake awo: a sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. In tafin hannu ya ɓace daidai nan, ruwa ya yi. In ana ganin shi sarai, a ƙara taki. In ya ɓace tun a wuyan hannu, taki ya yi yawa, a fidda buhun, a ƙara ruwa.

In kwandon siminti ne sabo, a yi hattara. Mu mutanen Malbaza mun san siminti, mun san yadda yake cin hannun magini. Haka yake cin kifi. A cika kwandon, a bar ruwa ya yi kwanaki, a zubar, a wanke, a sake cikawa. A yi haka sau uku ko huɗu, cikin sati biyu ko fiye, kafin a sa kifi. Daga nan a gwada da kifi biyu ko uku. In sun yi kwana biyu lafiya, a kawo sauran.

Ruwan famfo na birni yana da magani mai kashe ƙwayoyin cuta. Yana da kyau ga mutum, amma yana kashe kifi. A bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu kafin a yi aiki da shi. Ruwan rijiya mai zurfi kuma ba ya da iska sosai. A zuba shi daga sama, ya faɗo yana fantsama.

A duba ramin da kyau, kada a bar gaiwa ko babbar tarwaɗa a ciki, don suna cin ƙananan kifi. A rufe wani gefe da zana ko kaba don inuwa. A jefa ƴan rassan itace ko fasasshiyar tukunya a ƙasa don maɓoya.

Lissafin iri

Kada a cika rami da kifi. Ga karfasa a ramin ƙasa, kifi 2 bisa kowane murabba'in mita ya isa ga mai farawa. Ramin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, murabba'in mita 100 ke nan. 100 sau 2, kifi 200. Wanda ya zuba 1000 a wannan rami, kifinshi ba za su girma ba, iska ma ba za ta ishe su ba.

Ga tarwaɗa, a zaɓi masu girma ɗaya. Babbar tarwaɗa tana haɗiye ƙaramar.

Ranar ɗauko iri

1. A roƙi mai iri ya hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya. Kifin da cikinshi ke cike yana ɓata ruwan hanya da kashi.

2. A zaɓi masu kuzari. A bar wanda ke da rauni, ko farin tabo, ko mai iyo a karkace.

3. A yi tafiya da sassafe ko da marece. Kada a ɗauki kifi da tsakar rana.

4. A yi aiki da bido ko tano mai tsabta. Wanda ya taɓa ɗaukar esanshi, kalanzir, sabulu ko maganin ƙwari na albasa, ko an wanke shi, kada a sa kifi ciki.

5. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, don haka a yanke ma bidonta baki babba, kada a cika shi, kada a toshe. Karfasa ta fi rauni. In tafiya da nisa, cikin leda ake ɗaure ta: kashi ɗaya ruwa, kashi biyu oksijan.

6. A sa ɗan gishiri cikin ruwan hanya, gram 2 ga kowace lita. Bido mai lita 20, gram 40 ke nan, wajen rabin ƙaramin gwangwanin tumatir. Gishiri yana rage ma kifi wahala.

7. A rufe bidon da jiƙaƙƙen buhu. A tuƙa sannu. Kada a tsaya fira a kasuwar Galmi ko tashar Tsarnawa kifi na cikin rana.

Yadda ake sakin su

Nan ne aka fi yin ɓarna. Kada a juye su kamar ana zubar da ruwan wanki.

A ɗora ledar ko bidon cikin ruwan ramin, a gefen inuwa, minti 20 zuwa 30. Zafin ruwan ciki da na waje zai daidaita. A taɓa da hannu a ji. Sannan a buɗe, a ɗebi ruwan ramin da ƙwarya a zuba ciki kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu, ana jinkirta minti 5 tsakani. Bayan haka a karkata bakin cikin ruwa, a bar kifi su fita da kansu.

In kwandon siminti ne ƙarami, ko akwatin gilashi, a kwashe kifin da ɗan raga mai laushi, a zubar da ruwan hanya waje. In dole a taɓa kifi, a jiƙa hannu tukuna.

Kwana bakwai na farko

Ranar farko kada a ba su komi. Kifin da ya gaji ba ya ci, abincin zai ruɓe ya ɓata ruwa. Rana ta biyu a ba su kaɗan: dussar hatsi ko ta shinkafa mai laushi, dakakken ƙuliƙuli, gara, ko abincin kifi na kanti. A ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. A riƙa ba su wuri ɗaya, lokaci ɗaya, safe da marece. In da hali, mutum ɗaya ya riƙa ba su. Bayan ƴan kwanaki za su gane tafiyarshi, su taru da kansu.

A hana yara jifa da wanka a wurin. Kada a sa raga ko sanda don a ga ko suna nan. Ɓoyon kwana biyu ko uku ba ciwo ba ne.

A yi tsaron zalɓe, tsari, maciji da manyan kwaɗi. A shinge ramin, a shimfiɗa tsohuwar raga ko a ja igiyoyi bisa ruwa.

A leƙa ramin kowace asuba, don lokacin ne iska ta fi ƙaranci cikin ruwa. In aka ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta kasa. A tsai da abinci da taki, a rage tsohon ruwa, a zuba sabo. Tarwaɗa ta taso ta shaƙi iska ta koma, wannan halinta ne. Amma in ta tsaya a tsaye kai sama ba ta motsi, akwai damuwa, a sake ruwa.

Mutuwar kifi ƙalilan bayan tafiya takan faru. A fidda su nan take, a rufe su cikin ƙasa, a rubuta adadinsu a littafi. In mutuwa tana ƙaruwa kullum, a je a gaya ma ma'aikatan gandun daji masu kula da kamun kifi.

Wane lokaci ya fi?

Karfasa ta fi jin daɗin ruwa mai digiri 27 zuwa 30. In ɗari ya yi ƙarfi, cikin Disamba da Janairu, cinta yakan ragu ƙwarai. In ruwa ya sauka wajen digiri 11 ko 12 takan mutu. Don haka kada a zuba iri tsakiyar ɗari. Ga tabki, ƙarshen damina ya fi, lokacin da ruwa ya cika, ya kwanta, malala ta tsaya.

Tabkin gari amanar kowa ce

In gari ne ya zuba iri, sai a zauna da maigari, sarkin ruwa, masunta, makiyaya, masu garka da ma'aikatan gwamnati. A yarda bisa watannin da ba za a yi su ba. Karfasa takan fara haifuwa tana da wata 5 ko 6. Uwar tana riƙe ƙwai cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama uwa guda a wannan lokaci, ɗaruruwan kifi ya kashe.

Kada a yi su da gidan sauro, don yana kwashe har ƴaƴa. Kada a wanke famfon feshi a bakin tabki. Doka ta hana kamun kifi da guba. Kada kowa ya kawo wani irin kifi ko ciyawar wani ruwa ya jefa ba tare da shawarar ma'aikata ba. Giwan ruwa, misali, kifi take ci, tana iya cinye sabon iri.

Ɗalibai maza da mata na yaƙi da jahilci, ku da kuka iya karatu da lissafi, wannan aiki naku ne. Ku riƙe littafin ƙungiya: ranar da aka zuba iri, adadinshi, abincin da aka ba su, da wanda ya mutu. Ku karanta ma waɗanda ba su iya ba wannan bayani. Ku tattauna shi da malaminku a aji. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.