Daga dajin Asante zuwa bakin Ada: itacen kwalekwale na ƙarewa

Mu mutanen Zangon Kumasi ba 'yan ruwa ba ne. Yaro zai girma a Aboabo ko Sabon Zango bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, sai dai in kogin Aboabo ya yi ambaliya ya biyo shi har ɗaki. Amma akasarin manyan kwalekwalen da masunta ke shiga teku da su a Elmina da Chorkor da Tema, daga dazuzzukan da ke kewaye da mu suke fitowa, na yankin Asante da Ahafo da Western North.

Sunan itacen wawa. Kada ku yi dariya, da Twi ne, ba ruwansa da wawan da muka sani. A kasuwar katako ta Najeriya obeche ake ce masa. Ba shi da nauyi, yana da laushin sassaƙa, kuma yana miƙewa sama sosai kafin ya yi reshe. Masassaƙa kan tare a daji su rarake gungume guda da gatari da gizago, yanzu har da injin yankan itace, sannan babbar mota ta kai shi gaɓar teku. A can kafintoci ke ɗora masa katako a gefe don ya ƙara zurfi, a yi masa fenti, a rubuta masa suna ko addu'a, a maƙala inji. Ghana na da irin waɗannan jirage fiye da 10,000, kuma kowannensu bishiya guda ce da ta shafe gomman shekaru tana girma. Manyan sun yi ƙaranci. Noman koko ya ci daji, masu katako sun ci, galamsey ma ya zo ya ƙarasa.

Wannan ne ya kai ni Ada Foah, inda kogin Volta ke faɗawa teku, tafiyar kusan kilomita 100 gabas da Accra. Na je ne in ga wani ɗan ƙaramin jirgi da masu yawon buɗe ido ke haya a wurin, wanda ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuit ne na ƙasashen ƙanƙara, da fatar dabbar ruwa suke rufe shi. Siriri ne, mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, filafilinsa mai baki biyu. Na Ada yawanci roba ne daga waje. Amma a Turai da Amurka mutane na ƙera nasu a bayan gida da filawud mai jure ruwa: a yanka shi bisa zane, a huda gefuna, a ɗinke su da wayar tagulla kamar mai ɗinkin ƙwarya, a cike gaɓoɓin da gam ɗin epoksi, a lulluɓe da ƙyallen faibagilas. Falle kaɗan ne ke fitar da jirgi guda. Da na ji haka sai kafintocinmu na Anloga da Sokoban suka faɗo mini a rai. Wanda ya iya haɗa wadirob mai ƙofa uku, wallahi wannan ba zai gagare shi ba. Ban ce kayak zai maye gurbin jirgin da ke ɗaukar masunta ashirin da komarsu ba. Sai dai ƙananan jiragen kogi da na tafki ba dole ne kowanne ya cinye bishiya sukutum ba.

Ƙerawar ma ita ce mai sauƙin. Ruwan Ada ba irin na Bosomtwe ba ne, tafkin nan da ke kusa da mu, inda masunta ke hawa guntun katako da ake kira padua suna tuƙi da hannu, ruwa kwance kamar a tasa. A Ada teku ne ke juya kogi. Sau biyu a yini yake cika ya turo ruwan gishiri cikin Volta, sau biyu yake janyewa, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Bambancin tsayin ruwan bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, amma in yana janyewa, ƙarfinsa da na kogin haɗuwa suke yi su nufi ƙofar teku. Mutumin da ya raka ni, wani ɗan Ada mai matsakaicin shekaru, bai bari mun tashi ba sai da ruwa ya fara hawa. Muka bi shi sama tsakanin tsibirai da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa, muka wuce masu nutso suna ɗebo adode, wato ƙumbar da ake soyawa ana sayarwa a Sogakope. Da ruwa ya juya, shi ya maido mu gida, kusan ba mu gaji ba. Bakin tekun kuwa daga nesa ya nuna mini shi, ya ce ko su da aka haifa a nan ba sa wasa da wurin.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga sama. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, da ta Kpong a 1982, injiniyoyi ke yanke yawan ruwan da ke sauka. A 2023 da aka buɗe ƙofofin Akosombo, garin Mepe ya nutse, dubban mutane suka rasa matsuguni.

Yaran Zango sun fara haɗa kuɗi suna cika bas zuwa Ada bayan Sallah, kuma da yawansu ba su iya iyo ba. Iyaye, kafin ku ba da kuɗin mota, ku tambayi mai shirya tafiyar ko akwai rigar ceto ga kowa, da kuma wanda zai jagorance su a ruwa. Ku duba kwanan wata ma, lissafin da muka fi kowa riƙewa: ruwan teku ya fi ƙarfi a farkon wata da daren sha huɗu, ya fi laushi wajen bakwai da ashirin da biyu. Ƙaramar Sallah ɗaya ga wata take faɗowa, daidai lokacin da jan ruwa ya fi tsanani. In so samu ne, a ɗaga tafiyar da mako guda.