SILO: LABARIN DA YA GWADA HAƘURINA

Ni da kuka sha yi wa ƙorafi cewa ina jan labari har littafi na uku, yau ga shi an rama muku. Yayana ne ya dawo Bungudu daga Gusau da wani wasan Turawa a waya, mai suna Silo, wanda Apple TV+ ya fara nunawa a 2023. Ya ce, "Ƙanwata, ke da kike rubutu, kalli wannan."

Labarin ƙage ne na kimiyya, irin hanyar da Umaru Dembo ya buɗe mana da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Duniya ta lalace, mutum dubu 10 suna zaune cikin wani rami mai hawa 144 a ƙarƙashin ƙasa. Haihuwa sai da izinin hukuma. Duk wanda ya furta yana son fita waje, to fitar da shi za a yi, ba dawowa.

Abin da ya kama ni soyayya ce. Allison da mijinta Holston suna neman haihuwa, sai ta gano likita yaudararta ya yi, bai cire mata abin hana ɗaukar ciki ba. Ta nemi fita, mijin da yake shugaban 'yan sanda dole ya aiwatar da doka a kan matarsa. Daga baya shi ma ya bi ta. Wallahi sai da na yi hawaye. Ga Juliette, mace mai gyaran janareta, ba ta jiran namiji ya cece ta.

Amma fa akwai aibu. Kashi 10 ne zangon farko, tsakiyarsa sai hawa da sauka a matakala da binciken kisa, sirrin waje kuwa an ƙi faɗa. Hoton ma duhu ne, a waya sai kin ƙura ido, ga caji yana ƙarewa. Ƙawata a kashi na biyar ta haƙura.

Ni kam na kai ƙarshe, ban yi nadama ba, kuma na ɗauki darasi. Mai karatu za ta jira ki in tana son mutanen cikin labarinki, amma in kin riƙe sirri kawai don ta sayi na gaba, za ta gane. Littafina mai zuwa a biyu zai tsaya, in sha Allahu.

Ku huta lafiya.